Hannuwan Malam a Inda Babu Sabis

Zuwa ga 'yata, Injiniyar gidanmu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin da ya hana ki leƙo mu. Antinki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko har yanzu a tsaye kike cin abinci kamar mai jiran mota.

Kin san dalilin da ya sa nake rubuto miki a takarda. Ni da kiran waya mun rabu tun ina ɗan shekara bakwai, da zazzaɓi ya tafi da kunnuwana. Kiran bidiyo kuwa, in kika ɗaga hannu za ki yi mini magana sai in rasa gane gaisuwa kike yi ko sauro kike kora. Saƙon waya gajere ne, ni kuma tsohon malami ne, ban iya gajeriyar magana ba. Sai ki yi haƙuri ki karanta.

Maganar shafin nan nawa ce na intanet, wanda malamin lissafi na makarantarmu ta kurame ya gina mini kafin a yi masa canjin wurin aiki. Kin san abin da ke ciki: kalmomi dubu ɗaya da ɗari biyu na maganar hannu, kowace da ɗan bidiyonta. Shekara tara ina tsayawa jikin farin bangon falo, Antinki tana riƙe da kyamara tana faɗa don na motsa daga inda ta ajiye ni. Ina ji da shafin nan kamar ɗan fari.

To, shekaranjiya Tela ya zo. Tsohon ɗalibina ne, kurma kamar ni, shi ya ɗinka labulen ɗakinki. Sun je ƙauyen surukansa bayan duwatsu, 'yarsa ƙarama ta samu ƙwayoyin maganin kakarta ta haɗiye guda biyar. Ya ɗauke ta a guje zuwa ɗan asibitin da ke can. Ya nuna musu magani, ya nuna baki, ya nuna yarinya. Sai suka ɗauka cewa yake a ba ta magani, suka yi ta nuna masa benci ya jira layi. Rubutunsa ba ya fita, kin san ba duk ɗalibaina na samu na kai ga iya rubutu ba. Ya ciro waya ya buɗe shafina don ya nuna musu kalmomin. Farin allo kawai, da wani ɗan zobe yana ta juyawa. Babu sabis a wurin. Sai da yarinya ta fara lumshe ido wata nas ta gane. Ta rayu, alhamdulillahi, bayan kwana biyu ana ƙara mata ruwa.

Da ya zo bai ko zauna ba. Ya ajiye wayar a kan teburina ya ce da hannu: "Malam, hannuwanka 'yan birni ne. Ba sa zuwa inda muke shan wahala."

Da ya tafi na shiga neman mafita. Na je wurin mai buga littattafai, ya ce hannu ba ya motsi a takarda, kuma gaskiyarsa. Shi ne na ce bari in tambayi wadda aka ce kwamfuta tana jin maganarta. Akwai abin yi, ko in haƙura?

Ki gaishe da Mamanki, ki ce mata yayanta yana nan daram.

Kawunki


Kawuna na kaina,

Na samu wasiƙarka, na karanta ta sau biyu, na biyun a banɗakin ofis don kar a ga idona. Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti. Ka ce mata yanzu ina zama in ci, amma a gaban kwamfuta. Maganar sauro kuma na ji, Allah ya kai mu ranar ramuwa.

Kawu, kar ka haƙura. Akwai abin yi, kuma irin aikin da nake yi kullum ne, sai dai ban taɓa yi wa abin da ya kai wannan muhimmanci ba. Za a iya mayar da shafinka ya zama manhaja, ya zauna a fuskar waya da ɗan hotonsa kamar sauran, ba sai an je wani kantin manhajoji ba. Mutum ya buɗe shafin sau ɗaya inda akwai sabis, ya danna "saka a waya", shi ke nan.

Bari in faɗa maka yadda abin yake, don na san ba za ka yarda da abin da ba ka gane ba. Yanzu duk lokacin da Tela ya nemi kalma, wayarsa aike take yi can nesa inda bidiyoyinka suke ajiye, a kawo mata. In hanya ta yanke, babu mai zuwa babu mai dawowa. Abin da zan yi, zan rubuta wani ɗan umarni da zai tare a cikin wayar. Ni Mai Sito nake ce masa. Ranar farko da akwai sabis, zai kwaso kayan ya jera a sitonsa cikin wayar. Daga ranar, in aka nemi kalma, sai ya fara duba sito. In tana nan ya miƙo, bai damu da hanya ba. Sai kuma wata 'yar takarda da zan haɗa, kamar katin shaida, mai gaya wa waya sunan manhajar da hotonta da launinta. Kuma dole in sa wa adireshin shafin kwaɗon tsaro, don waya ba ta yarda Mai Sito ya tare daga gidan da ba a kulle ba. Na leƙa, malamin lissafi a buɗe ya bar shi, Allah ya yafe masa.

Ga inda gizo ke saƙar. Bidiyoyinka nauyi gare su. Anti ta ɗauke ka kamar za a haska ka a silima. In na ce waya ta kwashe duka, ƙananan wayoyin ɗalibanka za su cika tun ba a kai harafin D ba. Zan matse su iya matsewa ba tare da yatsu sun dushe ba, amma duk da haka ɗari uku kawai za su shiga tare da manhajar. Sauran, wanda yake so ya sauke su kashi-kashi. Kai za ka zaɓi ɗari ukun, ni ban isa ba.

Ka turo mini su, da kalmar sirrin shiga shafin. Kuma ka zaɓi hoton da za a sa.

'Yarka mai korar sauro


Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Ga kalmar sirrin a ƙasan takarda, a bangon wani tsohon littafin darasi na same ta. Ga kuma jerin, shafi huɗu.

Kin ba ni aikin da ya fi gyaran jarrabawa wuya. Kwana shida muna fama ni da Antinki a kan teburin cin abinci, da jan biro. Ashe mutum bai san kalmar da yake buƙata ba sai an ce ya zubar da saura. Na fara da na asibiti, guda tamanin: ina ne ke ciwo, tun yaushe, nawa, allura, jini, haɗiye. Sannan na ofishin 'yan sanda, na tasha, na ɓacewar yaro. Na cire giwa, na cire jirgin ruwa, na cire duk launuka ban da ja. Antinki ta ce in cire "kunya", na ce a'a. Ta ce in cire "wasa nake yi", na ce wannan ita ke raba faɗa, a bar ta. A kan "kar ki ji tsoro" ne kawai ba mu yi gardama ba.

Hoto kuma, ki sa tafin hannu a buɗe, fari a kan shuɗi. Kar ki sa fuskata, yara za su ɗauka manhajar horo ce.

Amma in gaya miki gaskiya, ban gama yarda ba. Na karanta bayanin Mai Sito sau uku. Na gane shi a kai, zuciya ce ta ƙi. Yaya za a ce ina tsaye cikin aljihun mutum ɗari a lokaci guda, a inda ko saƙo ba ya shiga? Na riga na saba cewa komai na waya igiya gare shi, ko da ba a ganinta. Sai na gani da idona.

In kin ga rubutuna ya karkace, teburin ne ƙafarsa ɗaya ta gajarce.

Kawunki


Kawu,

Ina gaisuwa. An gama! Ka buɗe shafin a falo inda sabis ke da ƙarfi. Wani rubutu zai fito a ƙasa, "Saka a waya", ka danna. Ka bar shi har layin shuɗin nan ya cika, minti biyar ko shida. Sai ka rufe komai, ka duba fuskar wayar, za ka ga tafin hannunka. Daga nan ka kashe data, ka sa wayar a yanayin jirgin sama, ka danna hannun. Ba zan faɗa maka abin da zai faru ba.

Asabar uku da hutun cin abincin rana na mako biyu na ba shi. Kowane bidiyo sai na kalle shi kafin matsewa, in sake kallo bayan matsewa, in tabbatar yatsu sun fita. Abokiyar aikina ta kama ni ina yi wa kwamfuta "sannu da aiki" da hannu, ta ce ko in je in huta. Kawu, na iya kusan ɗari biyu yanzu. Shekara ashirin da shida ina 'yarka ban koya ba, ina fakewa da cewa ai kana karanta leɓe. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Akwai kuma maganar da na yi ta juyawa kafin in rubuta. Kowane bidiyo yana da ranar da aka ɗauke shi. Na jera su daga na farko zuwa na ƙarshe. A na shekarun farko hannunka kamar an zana shi. Daga bara waccan, babban yatsanka na dama ya fara motsi shi kaɗai in ka tsaya. A na bara, kana gama alama sai ka yi maza ka kai hannun bayanka. Na ƙarshe wata goma sha ɗaya ke nan, ba ka ƙara ko ɗaya ba, kai da ba ka yin mako ba ka ƙara ba. Kuma teburin nan ni na san shi, ƙafafunsa huɗu lafiya lau.

Ban gaya wa Mama ba. Amma ni ka gaya mini.

'Yarka


Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Abu uku zan faɗa miki, ki bar ni in fara da mai daɗin.

Na yi yadda kika ce, hannun ya fito, na danna, ya buɗe. Amma na ce wayo ne, wataƙila sabis ɗin maƙwabta yake sata. Washegari da safe na shiga motar da ke bi ta bayan duwatsu, ban gaya wa kowa ba sai Antinki. Na sauka a tsohon wurin fasa dutse, na gangara har ƙasan ramin, inda bango ya kewaye ni ta ko'ina, sama kawai ake gani. Na duba wayar, babu ko sanda ɗaya ta sabis. Na rubuta "haɗiye".

'Yata, sai ga ni. Ga farin bangon falona, ga rigata mai ruwan toka da ta daɗe da yagewa, ga hannuna yana kai wa baki yana gangarawa maƙogwaro, tsaf, ba gargada. Na nemi "nawa", ta fito. Na nemi "'yata", ta fito. Na zauna a kan dutse ina ta danna su ɗaya bayan ɗaya, ban san hawaye na zuba ba sai da ya ɗiga a gilashin. Wani mai tura baro ya tsaya yana kallona, na nuna masa, ya kwaikwayi "sannu", muka yi dariya. Shekara talatin da huɗu ina koyarwa, kullum in na fita daga aji hannuna na fita da ni. Ban taɓa zaton zan bar su a wani wuri su ci gaba da aiki ba. Allah mai iko, wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

Na biyu. Idonki ya fi na Mamanki. Likita ya ce ciwon karkarwa ne, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ina shan magani. Ga mai ji, rawar hannu rawar hannu ce kawai. Ni kuwa muryata ce take shaƙewa. Shi ya sa na ɓoye. Ki bar ni in gaya wa ƙanwata da kaina.

Na uku shi ne ya sa na aiko wannan ta motar safe. Da na dawo na bi ɗari ukun ɗaya-ɗaya. A kashin asibiti, bakwai sun zame. Hannun da ke cewa "kumburi", an rubuta "jiri" a ƙasansa. Wanda ke cewa "shaƙewa", an rubuta "amai". Haka har bakwai, ga su a bayan takarda. Kuma kafin in lura, ranar Asabar a shagon Tela na sa wa mutum talatin da ɗaya, don murna ta hana ni haƙuri. Yanzu kuskuren yana aljihunsu, kuma Mai Sitonki zai riƙe shi da amana kamar yadda ya riƙe na daidai.

Ba faɗa nake yi ba. Amma ki yi sauri.

Kawunki


Kawu,

Laifina ne, ba na kowa ba. Akwai kalmar da ka ɗauka sau biyu, na goge bidiyo ɗaya na manta ban goge sunansa ba, sai na bayansa suka matso, kowa ya zauna a kujerar wani. Yatsu na tsaya dubawa, ban duba rubutun ƙasa ba. Da na karanta wasiƙarka sai da na zauna a matakalar ofis.

Na gyara cikin minti goma. Na ba sabon kayan sabuwar lamba, don duk wayar da ta ga sabis, ko na minti ɗaya ne, Mai Sito ya gane na hannunsa ya tsufa, ya zubar ya ɗauko sabo. Rubutu zai fito: "An yi gyara, danna nan." Ka gaya wa Tela ya bi mutanensa, kowa ya buɗe manhajar a inda akwai sabis.

Amma Kawu, ba talatin da ɗaya ba ne. Ina iya ganin adadin wayoyin da suka saka, ko da yake ba na ganin na waye ko suna ina. Ɗari biyu da goma sha biyu ne. Cikin kwana tara! Ɗalibanka sun ba 'yan'uwansu, su ma sun ba wasu. Na daɗe ina kallon lambar nan, tsigar jikina na tashi, rabi murna rabi tsoro. Abin da na rubuta da hannuna ya tafi inda ni kaina ba zan iya kamo shi ba.

Zuwa yau da rana ɗari da casa'in sun karɓi gyaran. Saura ashirin da biyu. Su ne waɗanda suke inda babu sabis, wato su ne ainihin waɗanda muka yi abin dominsu. Kowace awa sai na leƙa. Ka taya ni addu'a.

Maganar hannunka kuma, na ji, na riƙe. Na karanta duk abin da na samu a kan ciwon, na daina don ba ya ƙara mini komai. Ka riƙa shan maganin a kan lokaci, Anti ta zama shaida.

'Yarka


Zuwa ga Malam mai hannuwan cikin waya,

Sallama da girmamawa. Ba ka san ni ba. Ni nas ce a ƙaramin asibitin bayan duwatsu, kuma ni ce na bar Tela a kan benci da 'yarsa. Abin bai bar raina ba. Da ya dawo da ita a duba ta, ya nuna mini manhajarka, na saka ta ranar da na shiga gari. A wurinsa na karɓi adireshinka.

Ranar Laraba da hantsi, kwana na uku ana ruwa, ƙarfen sabis ɗin da muke kamawa daga kan tudu ya faɗi, rafi ya cinye hanya, likita yana wancan ƙetaren. Maƙwabta suka kawo wata mata tana naƙuda, kurma, cikin fari, mijinta yana wurin aiki a nesa. Faya ta fashe tun ranar Talata, jikinta zafi rau. A irin haka allurar kashe ƙwayoyin cuta muke yi, ba jira. Na zuƙo. Tana ganin kwalbar ta fizge hannu ta fasa ihu. Ungozoma ta ce tsoron allura ne, a riƙe ta. Mata biyu suka danne ta. Har na goge wurin da auduga, sai na ga idonta. Irin kallon Tela ne.

Na ce su sake ta. Na ciro waya na buɗe kashin asibiti na miƙa mata. Malam, tana ganinka ta yi tsit. Ta kawo wayar kusa da fuskarta, ta sa yatsa a bayan kunnenta kamar mai saƙala alƙalami, ta yi haka sau uku tana kuka tana dariya. Ban san ma'anar wannan ba, na nema babu. Sannan ta shiga turawa da yatsa, ba rubutun take karantawa ba, hannun take nema. Ta tsaya a ɗaya ta nuna mini, na karanta ƙasa: allura. Ta sake: kumburi. Ta sake: shaƙewa. Ta nuna kwalbar, ta kama wuyanta.

Na ajiye sirinjin a hankali kamar mai ajiye maciji. Jikinta ba ya karɓar wannan maganin, an taɓa yi mata ta kusa tafiya. Mu kuma abin da za mu ceto ta da shi in ta shaƙe, ɗan kaɗan ne gare mu, ga hanya a rufe. Na canza mata wani. Daga nan ni da ita da kai muka yi aikin. In nemo kalma in kwaikwaya, ta gyara mini yatsu tsakanin ciwo da ciwo. "Kar ki ji tsoro" na yi mata ya fi sau ashirin, ƙarshe ita ta riƙa yi mini. Da la'asar ta sauka, mace, lafiya lau. Ungozoma da ta shekara talatin a ɗakin nan ta ce ba ta taɓa ganin waya ta karɓi haihuwa ba.

Manhajar ba ta taɓa ba ni matsala ba. Sau ɗaya ne, ranar Litinin da na hau tudu neman sabis in kira gida, wani rubutu ya fito wai an yi gyara, na danna ya wuce.

Roƙona ɗaya. Akwai kalmomi goma sha huɗu da na nema na rasa, irin su yunƙura, dakata, kai ya fito, mabiyiya, shayarwa. Na jera su a ƙasa. In da hali a ƙara mana.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa hannuwan nan albarka.

Nas


'Yata,

Ga wasiƙar da ta zo mini jiya, ki karanta a zaune. Yatsa a bayan kunne sunana ne, yara suka sa mini saboda allin da nake saƙalawa. Na gane mai naƙudar, ɗalibata ce. Shekara biyu kawai ta yi a ajina iyayenta suka tashi, 'yar siririya mai zama kusa da taga.

Ki duba kalmomi ukun da ta nuna. Ki duba ranar da nas ta hau tudu.

Kawunki


Kawu,

Na duba. Da ba ta hau tudun nan ranar Litinin ba, da abin da za ta karanta ranar Laraba shi ne: allura, jiri, amai. Da ta ce ai kowa ma haka yake ji, ta soka. Kwana biyu, Kawu. Kiran gida ne kawai ya kai ta. Na kife kaina a kan tebur, abokiyar aikina ta yi ta tambaya wa ya rasu, na ce babu, haihuwa aka yi.

Saura wayoyi huɗu ba su karɓi gyaran ba. Ba zan daina leƙawa ba. Daga yau kuma babu abin da zai fita sai ka bi shi ɗaya-ɗaya ka sa hannu.

Goma sha huɗun nan fa? Ba na son in matsa maka. In ba zai yiwu ba, zan rubuta wa nas da kaina.

'Yarka


Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa. Bidiyo goma sha huɗu suna cikin ɗan abin ajiyar da ke ƙunshe a takardar nan.

Sha ɗaya nawa ne. Da safe muka yi, bayan magani ya kama, wata sai a ɗauka ta tara. Za ki ga rawar. Ki bar ta, ana ganewa.

Uku sun gagare ni, suna son yatsu su tsaya cak. Ina zaune na rasa yadda zan yi, sai ga Tela ya shigo da baƙi: mai jegon, da mijinta, da jaririyar, wai sun zo gaishe ni. Na ce ta miƙo jaririyar, ta je jikin bango. Antinki ta ɗaga kyamara. Ni ina kujera da 'yar mutane a cinya, ina kallon yarinyar da na koya wa rabin abin da ya kamata tana yin "kai ya fito". Ɗauka ɗaya. Ba yadda nake yi ta yi ba, nata ya fi fita, don ita ta san abin.

Ta ce akwai wasu da yawa da mata ke buƙata waɗanda ni ban sani ba. Za ta dawo ranar Asabar. Ki faɗa wa Mai Sito ya gyara wuri.

Na gaya wa Mamanki. Tana hanya, kuma an ce faɗa take tun daga tasha. Wannan karon na gode wa Allah da ba na ji.

Kawunki